Talauci Ba Ya Sauka Daidai a Kowane Yanki

A wani taron majalisar gunduma da na halarta shekarun baya, an kawo maganar kuɗin gina ofishi. Ma'aji ya tashi ya ce abin ba wuya: a raba kuɗin bisa yawan membobi, kowace ikkilisiya ta biya gwargwadon sunayen da ke cikin littafinta. Kowa ya ga kamar adalci ke nan. Sai wani dattijo daga wata ikkilisiyar ƙauye ya nemi izini, ya ce, "Ranka ya daɗe shugaba, mutum ɗari namu da mutum ɗari na cikin gari ba ɗaya ba ne. Namu ɗarin, in Agusta ta yi, sau ɗaya suke ɗora tukunya a yini." Aka ɗan yi dariya, aka ɗaga hannu, shawarar ma'aji ta wuce. Ni ma ina cikin waɗanda suka ɗaga hannu. Bayan shekara biyu ikkilisiyoyin gari sun gama biya, na ƙauye kuwa kowane taro sai an karanta sunayensu cikin masu bashi, har wakilansu suka fara jin nauyin zuwa.

Dattijon nan bai zo da takarda ba, amma alƙaluman hukuma suna bayansa. Tun da yake yawancinku za a tura ku wuraren da ba ku zaɓa ba, waɗansunku kuma wata rana za su zauna a kujerar da ake yanke wa ikkilisiyoyi kaso, ya kamata ku san yadda talauci ya rarrabu a ƙasarmu, da yadda ake karanta alƙalumansa.

Ƙasa ɗaya, alƙaluma dabam dabam

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bi gidaje daga 2018 zuwa 2019 tana tambayar abin da suke kashewa a kan abinci da sauran bukatu. Ta ja layi a kan naira 137,430 ga mutum ɗaya a shekara, wato wajen naira 376 a yini a kuɗin wancan lokaci. Duk wanda abin da yake kashewa bai kai haka ba, an lissafta shi matalauci. Sakamakon ya nuna kashi 40.1 cikin ɗari na 'yan Nijeriya suna ƙarƙashin layin, mutum wajen miliyan 83. Ba a sa jihar Borno cikin wannan jimla ba, domin rashin tsaro ya hana ma'aikatan shiga wurare da yawa.

Wannan kashi 40 shi ne jaridu suka ɗauka, shi ne kuma mukan ji a wa'azi. Amma da wuya ka sami jihar da take zaune a kan 40 ɗin. A Legas kashi 4.5 ne. A Delta 6, a Osun 8.5, a Ogun da Oyo bai kai 10 ba. A Sakkwato kuwa 87.7 ne, Taraba ma 87.7, Jigawa 87. Adamawa 75, Zamfara 74, Yobe 72. Filato da Kano suna wajen 55, Kaduna 43.5. Wato in ka tara mutum ashirin a Legas, ɗaya ne ke ƙasa da layin. In ka tara ashirin a Taraba, goma sha bakwai ne ko fiye. Kuɗi ɗaya suke kashewa, tuta ɗaya, shugaban ƙasa ɗaya. Tsakanin birni da karkara ma haka: kashi 18 a birane, kashi 52 a karkara.

Matsakaicin lissafi yana da wannan hali na ɓoye gaskiya. In mutum ɗaya ya ci kwano biyu ɗan'uwansa ya kwana da yunwa, lissafi zai ce kowannensu ya ci kwano guda.

Ma'auni na biyu

A watan Nuwamba 2022 hukumar ta fito da wani rahoto da ya auna talauci ta wata hanya. Maimakon tambayar nawa gida yake kashewa, sai aka duba abubuwa 15 a fannoni huɗu: lafiya, ilimi, yanayin zama, sai aiki da masifun da ke faɗa wa gida. Akwai ruwan sha mai tsabta? Ana samunsa kullum? Tafiyar minti nawa ce zuwa asibiti? Yara suna makaranta, kuma suna ajin da ya dace da shekarunsu? Da me ake girki? Akwai masai? An kai wa gidan hari ko an yi musu fashi? Gidan da ya rasa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aunin, shi ne matalauci. An tambayi gidaje fiye da dubu 56. Da wannan ma'auni, kashi 63 cikin ɗari ne matalauta, mutum miliyan 133, wajen miliyan 86 a Arewa, wajen miliyan 47 a Kudu. Sakkwato ce a sama da kashi 91, Ondo a ƙasa da kashi 27.

Kada ɗalibi ya ce ashe talauci ya tashi daga 40 zuwa 63 cikin shekara uku. Na sha jin haka daga bagade, kuma kuskure ne. Mudu biyu ne dabam, kowanne da abin da yake aunawa. Jihar Bayelsa ta isa misali. A ma'aunin kuɗi tana wajen kashi 23, wato tana cikin masu dama-dama. A ma'auni na biyu ta haura kashi 88, ita ce ke bin Sakkwato. Mutumin da ke zaune a bakin rafi can yana iya samun kuɗin kifi a aljihu, amma ruwan da zai sha ya gurɓace, asibiti kuma sai ya shiga kwalekwale. Kuɗin aljihu ba ya haƙa wa gari rijiya, ba ya kawo malamin makaranta. Akwai talaucin gida, akwai kuma talaucin wuri, wanda yakan kama har mai ɗan hali in dai a wurin yake zaune. Fasto da aka kai ƙauyen da ba asibiti, ko albashinsa ya yi kyau, ran da matarsa za ta haihu da dare shi ma matalauci ne.

Abu ɗaya kuma a riƙe: duka binciken biyu an yi su kafin a cire tallafin mai a watan Mayu 2023 da faɗuwar darajar naira da ta biyo baya. Naira 376 ta yau ba ta sayen abin da ta saya a 2019. Saboda haka kada a ɗauki adadin nairar a kai shi wa'azi kamar na bana ne. Abin da ya fi daɗewa bai sāke ba shi ne tsarin, wato wane yanki ne ke sama, wane ne ke ƙasa.

Cikin jiha ɗaya ma ba ɗaya ba ne

Rahoton 2022 ya yi wani abin da ya fi amfani gare mu, domin ya sauko ƙasa da jiha, ya ba da alƙaluman mazaɓun sanatoci 109. A jihar Kano, misali, Kano ta Tsakiya tana wajen rabi, Kano ta Kudu kuwa ta wuce kashi uku cikin huɗu. Gwamna ɗaya, kasafin kuɗi ɗaya. To, mazaɓar sanata ma babba ce. Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774, Kano kaɗai tana da 44, kowace kuma tana da gundumomi da ƙauyuka da unguwanni. Duk sa'ad da aka ƙara saukowa mataki ɗaya, sai a ga wani bambancin da matakin sama ya rufe. Wanda ya san Abuja ya san cewa Maitama da Asokoro suna cikin yanki ɗaya da ƙauyukan Abaji da Kwali, a takarda kuwa adadi ɗaya aka ba su duka, wajen kashi 39 a binciken 2019. Ba mai zama a Maitama da zai gane kansa a wannan adadi, ba kuma mai zama a ƙauyen Kwali da zai gane kansa.

A nan ne shugabanni sukan rikita abu biyu: kaso da yawa. Kason matalauta a Kano bai kai na Sakkwato ba, amma saboda yawan jama'arta, Kano ce ta fi kowace jiha yawan matalauta a rahoton 2022. Legas tana da ƙaramin kaso, duk da haka wanda ya shiga Makoko ko Ajegunle zai ga abin da zai hana shi barci. In tambayarka ita ce, ina ne ikkilisiya ba za ta iya riƙe fastonta ba, to kaso za ka duba, gama inda kusan kowa matalauci ne babu mai ɗaukar wani. In kuwa tambayarka ita ce, ina za a kafa asibiti ya taimaki mutane mafi yawa, sai ka duba yawa. Matalauci a cikin gari yana da maƙwabci mai hali da zai buga wa ƙofa. Matalauci a ƙauyen da tara cikin goma suke kamarsa, in ya buga ƙofa, wanda zai buɗe ma nema yake.

Sai kuma lokaci. A karkarar Arewa talauci yana da wata. Gidan da ke cin tuwo sau biyu a Disamba yana iya komawa sau ɗaya a Yuli da Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, zazzaɓin cizon sauro kuma ya yi yawa. Abin da dattijon nan yake faɗa mana ke nan muka yi dariya.

Me ke kawo bambancin?

Amsa mafi sauƙi ita ce wadda ta fi kowace haɗari: wai halin mutanen ne, ko addininsu, ko ƙabilarsu. Alƙaluman da kansu sun ƙi wannan. Sakkwato da Taraba ba su yi kama ba ta fuskar addini ko harshe ko ƙasar noma, amma adadinsu ɗaya ne har zuwa ɗigo. Ebonyi tana Kudu maso Gabas, kusan dukan mutanenta Kirista ne, amma a 2019 tana wajen kashi 80, ta fi Zamfara da Yobe. Wanda yake so ya ce talauci na wani addini ne, sai ya fara bayyana mana Ebonyi.

Abin da ya fi bayyana bambancin shi ne hanya da kasuwa. Taraba ƙasa ce mai albarka, ga doya, ga shinkafa, ga masara, ga shanu da shayi a Mambila. Amma manomin da motar kaya ba ta isa gonarsa sai da rani, ɗan kasuwa ne ke yanka masa farashi, gama ya san ba shi da wani mai saye. Yakan sayar da arha lokacin kaka don biyan kuɗin makaranta da bashin taki, ya dawo ya sayi hatsin nan da tsada da damina. Legas kuwa tana da tashar jiragen ruwa, da masana'antu, da bankuna, inda ko mai tura baro yana samun kuɗi a hannu kowace rana. A Arewa mai nisa damina ɗaya ce, gajeriya kuma. In ba fadama ko madatsar ruwa, rabin shekara hannu ba aiki.

Tarihin makaranta ma yana ciki. An buɗe makarantar sakandare ta CMS a Legas a 1859. Kwalejin Katsina sai a farkon shekarun 1920 ta soma. Turawan mulki sun daɗe suna hana 'yan mishan buɗe makarantu a cikin masarautu, su kuma ba su gina isassu ba. Tazarar shekara sittin ba ta rufuwa cikin tsara ɗaya, domin uwar da ta yi karatu ita ce ke kai yaro rigakafi, ita ce kuma ke hana a cire 'yarta daga aji. Amma kada mu da muka fito daga yankunan mishan mu yi fahariya: Filato da Adamawa da Taraba sun sami makarantun mishan da wuri, ga su kuma a inda suke. Takardar shaida ba ta zama abinci inda babu aikin yi.

Sai rashin tsaro, wanda yakan mai da mai wadata matalauci cikin dare ɗaya. 'Yan'uwanmu na EYN sun san wannan, tun da a 2014 har hedkwatarsu da ke Kwarhi sai da aka bari aka gudu. A Zamfara, da Birnin Gwari, da kudancin Kaduna, da sassan Filato da Binuwai, akwai gonakin da aka bari ba a nomawa, akwai gidajen da suka sayar da shanu da fili don biyan kuɗin fansa. Ƙauye biyu da ke nesa da juna da tafiyar awa ɗaya, ɗaya yana noma, ɗaya yana kwana a makarantar firamare ta hedkwatar ƙaramar hukuma. Ambaliya ma haka take zaɓe, kamar yadda aka gani a Jigawa da Kogi da Bayelsa a 2022, da Maiduguri a Satumba 2024 sa'ad da madatsar Alau ta ɓalle. A ƙarshe akwai shugabanci. Kowane wata ana raba wa ƙananan hukumomi kuɗi daga asusun tarayya, a Yuli 2024 kuma Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba su kai tsaye. Mai hidima yana da 'yancin tambayar kansilansa ina rijiyar da aka ce an haƙa.

Yadda ikkilisiyar farko ta yi da wannan

Littafi Mai Tsarki bai ɗauka cewa kowa ƙarfinsa ɗaya ba. A Littafin Firistoci 5:7-11 an yi wa hadaya matakai: wanda bai iya kawo tunkiya ba ya kawo tsuntsaye biyu, wanda bai iya wannan ba ma ya kawo gari. Luka 2:24 ya nuna mana cewa Yusufu da Maryamu hadayar marasa ƙarfi suka kai. Karin Magana ya tsauta wa rago, gaskiya ne, amma a 13:23 ya kuma ce gonar matalauci tana iya ba da abinci mai yawa, rashin adalci ne ke kwashe shi. Mai wa'azin da ya riƙe ayoyin rago kaɗai ya kai su ƙauyen da 'yan bindiga suka hana noma, ya ƙara wa masu rauni ciwo ne kawai.

A Sabon Alkawari kuwa, talaucin yanki shi ne ya haifar da babban aikin taimako na farko. Ayyukan Manzanni 11:27-30 ya ba da labarin yunwar da aka yi a zamanin Kalaudiyas, wanda ya yi sarautar Roma daga shekara ta 41 zuwa 54. Yosifus, marubucin tarihin Yahudawa, shi ma ya ambaci yunwa a Yahudiya a wannan zamani. Masu bi na Antakiya ba su ce kowa ya ji da nasa ba. Kowa ya ba da gwargwadon ƙarfinsa, aka aika ta hannun Barnaba da Shawulu. Daga baya Bulus ya shafe shekaru yana tara gudummawa daga Galatiya da Makidoniya da Akaya domin matalautan Urushalima (1 Korantiyawa 16:1-4, Romawa 15:25-27). Ku lura, ikkilisiyoyin wani yanki ne suke ɗaukar nauyin ikkilisiyoyin wani yanki, ba mutum da maƙwabcinsa kaɗai ba.

A 2 Korantiyawa 8:12-15 ya faɗi ƙa'idar. Ana karɓar baiko bisa ga abin da mutum yake da shi. Ba a so a sauƙaƙa wa waɗansu a matsa wa waɗansu. Abin da ake nema shi ne daidaito, kalmar Helenancin ita ce isotes. Ya kawo misalin manna daga Fitowa 16, inda mai tara da yawa bai yi saura ba, mai tara kaɗan bai rasa ba. Abu biyu nake so ɗalibi ya gani a nan. Na ɗaya, Bulus bai kori matalauta daga bayarwa ba. Mutanen Makidoniya matalauta ne ƙwarai, su ne kuma ya sa a gaba. Ikkilisiyar ƙauye ba ta so a ce ta zauna a ba ta, tana so a yanka mata abin da za ta iya ɗauka ta biya da mutuncinta. Na biyu, a Romawa 15:27 ya kira gudummawar bashi ne, domin daga Urushalima bishara ta fito. Ku shiga kowace babbar majami'a a Jos ko Kaduna ko Abuja ku tambayi dattawa da 'yan mawaƙa inda aka yi musu baftisma. Yawancinsu ƙauye za su ambata. Ƙauye ya rene su, gari yana karɓar zakkarsu.

Ayyukan Manzanni 6:1-6 kuma ya nuna bambanci a cikin birni ɗaya da ikkilisiya ɗaya. Gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci ne ake tsallakewa wajen rabon abinci. Manzanni ba su musa ba, ba su kuma ce masu gunaguni ba su da ruhaniya ba. Aka zaɓi mutum bakwai, dukansu kuwa sunayen Helenanci gare su, wato daga cikin waɗanda abin ya shafa.

A teburin majalisa

Mu koma kan lissafin ma'ajinmu. A ce ikkilisiyoyi biyu ne, kowace da membobi 200. Ta gari tana tara naira miliyan 12 a shekara, ta ƙauye miliyan 1.2. Gunduma tana neman naira 600,000 daga su biyun. In aka raba bisa kai, kowace za ta biya 300,000. Ga ta gari, wannan kashi 2.5 cikin ɗari ne na abin da ta samu. Ga ta ƙauye, kashi 25 ne, rubu'in shekararta ke nan, kuma daga albashin fasto za a cire shi, gama babu wani wurin cirewa. In aka raba bisa abin da kowace ta samu, ta gari za ta biya wajen 545,000, ta ƙauye wajen 55,000, kowace ta ba da kashi 4.5. Za a ce wannan zai sa ikkilisiyoyi su ɓoye kuɗin shigarsu. Zai iya faruwa, shi ya sa Bulus ya sa ikkilisiyoyi su zaɓi mutanen da za su raka kuɗin (2 Korantiyawa 8:18-21). Maganinsa binciken littattafai ne na gaskiya. A kuma duba watan da ake neman kuɗin. Abin da ƙauye zai biya da murna a Disamba, a Agusta sai da hawaye.

Haka batun tura ma'aikata. Muddin albashin fasto ya dogara ga baikon inda yake kaɗai, to ƙauye zai zama wurin horo, gari kuma lada, matasa za su riƙa bin manya suna roƙon kada a kai su daji. Ban ga laifin saurayin da ke tunanin makarantar 'ya'yansa ba. Laifin yana kan tsarin da ya bar mai bishara a bakin iyaka da buhun masara biyu a shekara, abokin karatunsa kuma yana gari da mota. Asusu ɗaya na gunduma da zai cika wa kowane ma'aikaci wani mafi ƙarancin albashi, da taimakon karatun 'ya'yan waɗanda ke wurare masu wuya, zai rage wannan ƙwarai.

Alƙaluman hukuma sun tsaya a mazaɓar sanata, amma ku kuna iya sauka ƙasa da haka, gama ba wata hukuma da ta san gidaje kamar ikkilisiya. Wanda aka kai sabon wuri, kafin ya kawo shirin gini ko na sayen kayan kiɗa, ya ɗauki wata uku yana zagayawa tare da dattijo ɗaya da shugabar zumuntar mata. Matan nan sun san gidan da hayaƙi bai tashi ba jiya. Ya rubuta unguwa unguwa: ina suke ɗiban ruwa, tafiyar minti nawa ce zuwa asibiti, yara nawa ne ba sa zuwa makaranta, a wane wata hatsi yake ƙarewa, gidaje nawa ne gwauraye ko 'yan gudun hijira ke riƙe da su. Ya haɗa da maƙwabtan da ba Kirista ba, tun da rijiya ɗaya ake sha. Sunayen mutane su tsaya a littafinsa, kada su hau bagade ko allon sanarwa. Jimlar kaɗai zai kai majalisa, ya ajiye ta kusa da ta sauran ikkilisiyoyin gunduma kafin a fara maganar kason shekara mai zuwa.